Gorar Kunun Inno

Inno ta zo Kuala Lumpur ne don wankan jegon 'yarta Hadiyya, wadda mijinta ke karatun digiri na uku da ya ƙi ƙarewa. Tun a makon farko ta yanke hukuncin cewa garin mafarki ne. Jirgin ƙasa na tafiya a sama, ruwa na sauka kullum bayan azahar kamar an ɗauke shi aiki, gidan da suke ciki a unguwar Danau Kota kuwa wani lokacin sai gajimare ya leƙo ta taga.

Mutum ɗaya ta yarda na gaske ne: Rosli, wani dattijo direban tasi mai farar hula, wanda ke kai su asibiti. Ya je Makka, don haka Alhaji take ce masa. Ba ya jin Hausa, ba ta jin Malayanci, saboda haka ba su taɓa saɓawa ba.

Da arba'in ta gabato, Inno ta jiƙa geron da ta taho da shi daga Kano, ta dama kunun zaƙi da citta da kanumfari, ta ware wa Alhaji gora guda. Hadiyya ta ce a sa a firji.

"Firji na gawa ne," in ji Inno. "Kunu iska yake so."

Ta ajiye gorar a baranda. Rosli bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Gorar ta zauna cikin zafi da laimar garin tana 'yan tunane-tunanenta, ƙananan kumfa na hawa sama a hankali.

Ranar fitar farko bayan arba'in, Rosli ya ɗauke su suka nufi unguwar Bukit Bintang sayen tsaraba. Inno ta miƙa gorar da hannu biyu, Rosli ya karɓa da hannu biyu. Da ya murɗe murfin sai gorar ta yi ajiyar zuciya. Ya kurɓa, idanunsa suka kawo ruwa. Ya dubi madubi, ya ga tsohuwa ta zuba masa ido, sai ya ƙara kurɓa, domin shi ma an yi masa tarbiyya.

Ruwa ya sauko. Fitilun motoci suka narke a jikin gilashi, dogayen gine-gine suka rasa kawunansu cikin hazo. Inno ta fara gyangyaɗi, tana ganin motar ta zama kwalekwale a Kogin Wudil, jikanta na barci a ƙirjin uwarsa. Da ta buɗe ido, 'yan sanda ne cikin rigunan ruwa sun tare hanya a ƙarƙashin gada.

Wani matashi daga cikinsu ya leƙo, ya shaƙi iskar motar, ya ɗan ja baya. Ya miƙo wata na'ura mai ɗan bututu. Rosli, wanda tunda aka haife shi bai san ɗanɗanon giya ba, ya hura da natsuwar mai gaskiya. Na'urar ta yi ƙara.

"Me busar ta ce?" Inno ta tambaya.

"Inno, wai ya sha giya," in ji Hadiyya.

"Alhajin? Ita busar ce ta sha."

Hadiyya ta yi mata bayani a gurguje. An tsaurara doka. Direban da aka samu ya haura ƙa'ida, akwai tara, akwai kurkuku, a kuma karɓe lasisinsa. Wanda ya tsufa a tasi kuwa, in an karɓe lasisi, an karɓe shinkafar gidansa ke nan.

Rosli ya riƙe sitiyari yana kallon ruwa. Bai nuna gorar ba, don ba a nuna kyauta da yatsa a gaban mai ita. Hadiyya ce ta ɗauko ta, ta sunsuna, ta rufe ido.

"Inno, kununki ne. Ya juya."

"Ya yi tsami dai. A gida ma tsami muke so."

"Wannan ya wuce tsami, wallahi. Ya shiga wani addinin."

"Ke, kiyayi bakinki! Ni zan dama barasa? Miƙa wa yaron nan ya ɗanɗana."

Ɗan sandan bai ɗanɗana ba. Ya saurari Turancin Hadiyya, ya dubi gorar, ya dubi farar hular, ya dubi tsohuwar da ke masa faɗa da harshen da bai taɓa ji ba. Ya ce abin da ke baki yakan ruɗi na'ura. Su koma gefe, a jira, a sake.

Suka jira. Ruwa na zuba daga gefen gadar kamar labule. Jirgin ƙasan nan mai tafiya a sama ya wuce bisa kansu ba ƙara, cike da mutanen da ba ruwansu. Rosli ya kurkure baki, ya fito da carbi. Inno ma ta fito da nata, suka yi ta ja, kowa da abin da yake roƙo: shi lasisinsa, ita mutuncin kununta.

Rosli ya sake hurawa. Na'urar ta yi dogon nazari, sannan ta yi shiru.

"Boleh," in ji ɗan sandan, ya ɗaga hannu su wuce.

"Kin gani?" Inno ta gyara mayafi. "Dama ƙarya take."

Tun daga ranar, duk gorar da ta miƙa, Rosli kan karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya zagaya ya kulle ta a but ɗin mota. Inno ta lura. Ta ce wa Hadiyya bawan Allah ya hana kansa don ya kai wa iyalinsa, ta koma ware masa gora biyu.