Ganyen Miya a Ƙofar Don Eleuterio

Don Eleuterio, wato Malam Eleuterio a faɗar mutanen nan, maƙwabcina ne a unguwarmu mai katanga da ke bayan garin Querétaro. Daga ƙauye ya fito kamar ni, amma tun da shagonsa na tayoyi ya bunƙasa ya daina ambaton ƙauyen. In an tambaye shi asali sai ya ce, "Nan kusa." Ni ban ga abin kunya a ƙauye ba. Abin kunya shi ne mai furfura ya riƙa ɓoye inda aka binne cibiyarsa.

A unguwar nan da ciyawar ƙofar gida ake auna mutum, hali kuwa ba mai tambaya. Shugabar kwamitin unguwa, Doña Maricruz, takan zagaya da ɗan karenta tana duba filin kowa. Wanda ta yaba wa ya zama mutum. Abin da Eleuterio yake nema ke nan, don haka ya rantse a kan ciyawarsa za a yi bikin cikar 'yarsa Itzel shekara sha biyar, Doña Maricruz na babban tebur.

Sai berdolaga ta ɓullo a filin, ganyen nan mai jan kara da iyayenmu mata ke dafawa da kaza. Matarsa Amparo ta sayo maganin da ke kashe mai faɗin ganye ya bar ciyawa. Ba a kai ga fesawa ba sai ga Crisóforo daga ƙauye, wanda ya riƙe Itzel ranar baftisma ya zama ubangidanta (zumuncin da ke sa shi da iyayenta su kira juna kompadre da komadre), da ragon biki a bayan mota da wata jarka.

Ya shinshina kwalbar Amparo ya yi tsaki. "Komadre, wannan ai turaren 'yan birni ne. Ga wanda nake fesa wa gona kafin shuka. Ko shaiɗan ya taka shi sai ya bushe."

"To, ciyawar fa, kompadre?" in ji Amparo.

"Ciyawa tana mutuwa ne? Tun ina yaro nake kashe ta, har yau ita ke cin nasara."

Eleuterio ya san abin da ke cikin jarkar, don ya goya irinta a baya shekara da shekaru. Amma ba a mayar wa kompadre kyauta, balle wanda ya kawo rago. Ga kuma Doña Maricruz ta tsaya a bakin titi, karenta na shinshine-shinshine. Sai ya ɗaga murya don ta ji: "Ni me na sani a kayan gona, kompadre? Yi yadda ka ga dama."

Crisóforo ya yi, har ya ƙara awo don zumunci.

Ciyawa ta yi rawaya, ta bushe ƙurmus. Da ruwan sama ya sauko kuwa, berdolaga ta samu fili ba abokin gasa, ta shimfiɗu daga ƙofa har titi, shar da ita. Eleuterio ya gaya wa kwamiti wai sabuwar ciyawa ce da ya yo oda daga ƙetare. Suka gyaɗa kai, har wani ya tambayi sunan kamfanin.

Ranar biki komai ya tafi daidai, har lokacin da Crisóforo ya sha ya ƙoshi, ya karɓe makirufo daga hannun makaɗa.

"Jama'a, ku dubi ƙarƙashin ƙafafunku! Aikina ne! Ni da kompadre da wannan ganyen aka raine mu. Shekarar da masara ta ƙi, shi ya fi kowa iya tsinko shi a bayan garken awaki. Teyo kompadrena, ƙarya nake?"

Itzel ta fashe da dariya, ta rungume ubangidan nata. Doña Maricruz ta ɗauki karenta ta fita, ko naman ba ta taɓa ba. Tun daga ranar ba a sake gayyatar Eleuterio ko'ina ba.

Washegarin biki da safe na fito shara, sai na ga mace tsugune a filinsa da wuƙa da leda, ta rufe kai da mayafi. Da karen na gane Doña Maricruz ce. Ba ta tuge saiwa, kan ganyen kawai take yanka don ya sake tohowa, kuma ba a birni ake koyon wannan ba. Eleuterio na bayan labule yana kallonta, ita ma ta gan shi. Har ledar ta cika ba wanda ya ce wa wani ina kwana.