Abin da Ya Tsaya Kan Tankin Ruwa

Ina da wani ɗan hali: in ina ba da labari, "wai" takan zube mini a hanya. Haka na gaya wa mai aski wani abu mai ƙyalli kamar murfin tukunya ya tsaya cak a sama, saitin tankinmu, sannan ya ɓace. Washegari sai ga sojoji a falona.

"Baba, ya yi ƙara?" in ji babbansu.

"Ko tari bai yi ba, yallaɓai."

Maƙwabta sun cika taga, ina zan janye magana? Na gwada girmansa da hannu, na nuna inda ya nufa. Babban ya ce da irina ake tsaron ƙasa.

Matata, wadda ita ce ta ga abin tana shanya, ta kawo musu ruwa ta koma. Ni lokacin da ta gan shi ina barci.