Ƙarshe a Tsakiyar Shafi

A ofishin da yake aiki, inda ake sabunta wa mutane takardun mota, Edita ake ce masa. Ko katin gayyata bai taɓa tacewa ba, bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba a zama da shi a tashi bai sako zancen yadda ake tsara rubutu kafin a aika wa mujalla ba. Tazarar da ke tsakanin layi da layi, faɗin gefen takarda, kusurwar da lambar shafi take zama, duk ya haddace su fiye da ranakun haihuwar 'ya'yansa. Shi ma yana da labarin da ya fara tun yana saurayi. Shafin farko ya sha gyara har ya gode Allah, na biyu kuwa har yau ana jiran isowarsa.

Matarsa nas ce a asibitin yara, kuma ba ruwanta da wata tazara. Wani labari ne ya hana ta sakat, ta yi ta rubuta shi a waya da babban yatsa, a cikin bas da lokacin hutun cin abinci, har ta kai shi gaɓa. Akwai wata mujalla da ke karɓar gajerun labarai sau ɗaya a shekara, kowa guda ɗaya, kuma abin da ka aika ka aika, babu zancen a dawo maka da shi ka gyara. Can take son aikawa, amma ƙa'idojinsu sun ba ta tsoro.

"Baban yara, ka taimaka ka tsara mini shi yadda suke so," in ji ta, tana ɗaura wa autarsu igiyar takalmi. "Kuma don Allah ka karanta. Ba wanda ya taɓa ganin sa, kai ne na farko."

Edita ya gyara zama, yau an zo wurin. "Ai kin zo gidan sauƙi. Mutanen nan da kike gani, shafi suke fara kallo. In suka ga rubutu cunkushe irin naku na waya, ko layi ɗaya ba za su karanta ba. Turo mini kawai, ki je ki yi allurarki."

Ta turo masa gutsure-gutsure, saƙo bayan saƙo, duk lokacin da aiki ya ɗan sake ta. Shi kuma ya zauna gaban kwamfutar ofis yana kwasa yana liƙawa, yana tsaki da ƙarfi don na teburin kusa ya ji.

"Dubi nan, don Allah. Babu sakin layi, babu komai, kamar an juye kwandon wanki a tsakar ɗaki. Ba don ni ba, ai da ta sha kunya."

Gaskiya dai a faɗe ta, hannunsa ya iya aikin. Ya raba layukan, ya tura farkon kowane sakin layi ciki daidai gwargwado, ya share 'yan taurarin da ta bi ta barbaɗa, ya ɗora lamba a kan kowane shafi. Karatu kuwa ya yi niyya. Amma da ya ɗora ido a kan jimla sai ya hango waƙafi ya manne da kalmar gabansa, ya bi waƙafin, jimlar ta wuce abinta. A can ƙasan ransa ma ya riga ya yanke hukunci: wane labari ne zai fito daga babban yatsan mai auna zafin jikin yara? Da ya ga saƙonnin sun ƙare a idonsa, ya sauko ƙasa ya rubuta ƘARSHE da manyan baƙaƙe, ya aika wa mujallar ana gab da rufe karɓar labarai. Sannan ya buga kwafi ɗaya a takardar ofis, ya taho da shi gida yana tafiyar wanda ya ciyo kofi.

Ta dawo daga aikin safe, ko farar rigar ba ta cire ba ta zauna a hannun kujera ta karɓa. Daɗi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Abin da ta saba gani a 'yar fuskar waya, yau ga shi shimfiɗe a takarda kamar na manyan marubuta. Edita ya tsaya a kanta, hannu a ƙugu, yana jiran yabo.

Tana cikin karatu sai ta tuntsire da dariya.

"Baban yara, mene ne wannan? 'Ka biya wajen mai gyara ka karɓo fankar ɗakin yara.' Ai saƙon da na turo maka ne! Ya aka yi ya shigo bakin matar da ke cikin labarin?"

Ya leƙa. Ga shi nan kuwa, an tura farkonsa ciki da kyau, an ba shi tazararsa kamar kowane layi.

"Ƙaramin abu ne wannan," ya ce. "Za su ɗauka salo ne."

Dariyar ta fara gushewa, ta shiga juya takardun da sauri har ta kai ta ƙarshe. Layin ƙarshe cewa ya yi, "Da ta tura ƙofar ɗakin sai ta ga", daga nan ba komai sai ƘARSHE.

"Ina sauran?"

"Wane saura?"

"Rabin labarin. Na turo maka shi daga baya."

Ya laluba wayarsa. Saƙonnin suna nan jere, ko buɗe su bai yi ba. Kunya ta rufe shi, amma gwano ba ya jin warin jikinsa, nan take ya fara neman inda zai rataya laifin. Wa ya ce ta turo a rarrabe? Marubucin kirki ai a dunƙule yake aika aikinsa. Ya ce zai rubuta wa mutanen mujallar, ya san yadda ake yi musu magana. Su duka biyun sun san ihu ne bayan hari.

Ta jera takardun a cinyarta, ta daidaita gefensu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Matar nan ta cikin labarin, me ta shiga ɗakin nema?"

Edita ya buɗe baki. Ya san adadin shafukan, ya san sau nawa ta manta aya. Ko cewa a kan mace labarin yake ma, sai yau ya ji.

"Su can ba su san ni ba," in ji ta. "Da sun karanta sun ce bai yi ba, wallahi da na haƙura in sake wani. Kai na roƙa."

Ta ajiye takardun a kan kujera, ta shige ciki cire rigar aiki. Ya ɗauki shafin ƙarshe yana kallo, ransa a ɓace. Kuma Allah ya shirye shi, ko a wannan halin abin da idonsa ya fara dubawa shi ne ko kalmar ƘARSHE ta zauna daidai a tsakiya.