Fitarwa da Ajiya

Nasiha ba ta taɓa zaton kalma ɗaya za ta hana ta sukuni ba, sai da ta fara aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja da ke bayan babbar kasuwar garin Garwa, a Kamaru. Kamfanin ya ƙera wani mataimaki na cikin waya wanda 'yan kasuwa suka raɗa wa suna Magatakarda. Ka yi masa magana ya amsa, ya rubuta maka saƙo da Faransanci zuwa Duwala, ya ba ka shawara ko ba ka tambaya ba. Yanzu an ƙara masa wata dabara ta kwashe duk hirar da mutum ya yi da shi a tura ta wani wuri, kuma Nasiha aka sa ta rubuta littafin bayani da Hausa. Idan littafin ya ci jarrabawa a tabbatar da ita a aiki, in ya faɗi ta koma shagon atamfar babanta, inda aka daɗe ana yi mata dariyar digirin da bai saya mata ko fanka ba.

Shugaban kamfanin, Musye Patrice, mutum ne mai son awo. Ba ya jin Hausa ban da “sannu” da “nawa ne”, amma hakan bai hana shi zama alƙalin littafin ba. Ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya yaba launin bangon, sannan ya ba Magatakarda da kansa ya duba. Magatakarda kuwa, da yake an gina shi da ladabin da ya wuce na sabon suruki, ya ce bai taɓa ganin bayani mai haske irin wannan ba. Nasiha ta san da jerin kayan miya aka ba shi, haka zai ce.

“Bon,” in ji Patrice. “Saura gwaji na gaske. A kawo ɗan kasuwa. In ya karanta ya danna maɓallin, littafi ya yi. In bai danna ba, bai yi ba.”

Aka kawo Alhaji Abdulbaƙi mai albasa, aminin babanta, wanda ke hira da Magatakarda fiye da yadda yake yi da iyalinsa. Ya zauna ya gyara tabarau, yana bin layi da yatsa yana gyaɗa kai. Zuciyar Nasiha ta fara kwanciya. Sai yatsan ya tsaya cak.

“'Yata, mene ne wannan? Fitar da hira?”

“Eh, Baba. Wato ka kwashe maganar da kuka yi da shi ka...”

“A fitar da ita waje? Ni Abdulbaƙi?” Ya ture wayar kamar ta ƙone shi. “Yaron shagon da ya fitar da zancen gida, ranar nake sallamarsa. Wannan abin ya san wanda nake saye a wurinsa a Bogo, ya san ciwon da ke damuna, ya san abin da na faɗa a kan surukina. Shi ne za ki ce in danna da hannuna ya fita da su?”

Patrice ya ga Alhaji ya miƙe yana kaɗe riga, bai nemi fassara ba. Ya ce a gyara kafin gobe, ko kuma a yi sallama.

Abin ya yi wa Nasiha ciwo, don ta san kalmarta daidai take. Hirar fita take yi: kwafi ɗaya ya sauka a wayar mai ita, ɗaya ya tafi rumbun kamfani “domin inganta aiki”, kamar yadda aka rubuta da ƙananan haruffan Faransanci. Ta yi ta juya kalmomi a ranta a kan acaɓa har gida. Ta tuna shagon atamfa, ta tuna dariyar. Da safe ta bi littafin shafi-shafi, duk inda aka ce “fitar” ta mayar da shi “ajiye”.

Alhaji ya dawo yana cika yana batsewa. Ya karanta, fuskarsa ta washe.

“Yauwa! Ajiya. Ai da haka kika ce tun jiya. Ajiya kam halin mutanen kirki ne.”

Ya yi bisimilla ya danna. Patrice ya tafa, ya ce “Parfait!”, ya miƙa wa Nasiha hannu, ya ce daga yau ita ma'aikaciya ce cikakkiya. Magatakarda ma aka sake tambayarsa, ya ce wannan ya fi na jiya haske.

A kan kwamfutar Patrice, wadda Nasiha ke hangowa ta gefen ido, hirar Alhaji ta fara saukowa layi bayan layi. Ta hango sunan surukin, ta kau da kai.

A bakin ƙofa Alhaji ya tsaya yana neman takalminsa. Ya rage murya ya ce, “Ni ba injin na yarda da shi ba, 'yata, ba kuma wancan mai kwat ɗin ba. Da na ga ke kika rubuta, sai hankalina ya kwanta. Allah ya yi miki albarka.”

Nasiha ta durƙusa kamar yadda aka koya mata. Amin ɗin ya ƙi fitowa.