Akwatin Shayin Atine

Ni ɗinkin buhu nake yi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, kuma duk wanda ya san ni, Jibril, ya san cutata: ba na iya ganin abu mai kyau in wuce. In aka miƙo mini kofi, sai na ɗaga na duba gindinsa kafin in kai baki. Na taɓa makara wurin aiki saboda wata ƙofar ƙarfe, ina ta buɗewa ina rufewa don in ji yadda sakatarta ke faɗawa. Abokan aikina suna cewa ranar da aka ɗauke ni a makara ma sai na leƙo na ga ko ɗaurin igiyar ya yi. Ban taɓa musa musu ba, don ɗaurin banza yana ɓata mini rai ko a bakin buhun riɗi ne.

A gindin dalbejiyar da ke gaban rumfarmu Atine ke sayar da shayi. Ta manyanta, mijinta ya rasu ya bar ta da 'yarsu Ummuhani da ke sakandare, kuma shayin nan shi ne cinsu, shi ne karatun yarinyar. Shekarun nan ne da aka sa mata masu shayi a gaba, wai zaman mace a bakin hanya cikin maza bai dace da tarbiyya ba. Motar hukuma takan zo ba sallama, abin da ake kira kasha, a kwashe murhu da butoci da kujeru a watsa a baya a tafi. Masu ƙafa sukan suri abin da suka iya su faɗa lungu. Atine kuwa gwiwoyinta sun daɗe da yin sallama da gudu.

An kwashe mata kaya, ta kwaso na ɗakinta ta dawo. Aka sake kwashewa. Ran nan ta gaya mini ba ta da sauran abin da za ta kwaso, in aka kuma ta haƙura. Za ta cire Ummuhani daga makaranta su bi motar Nasir, mai kai leburori yankan riɗi a Fashaga. Nasir har ya ce ya ajiye musu wuri.

Abin ya tsaya mini a rai, sai na tafi wurin Ya'u. Shi maƙerin farin ƙarfe ne, yana fasa tsofaffin gangunan mai ya yi akwatuna da murhuna. Na fara girmama shi ne saboda mazurari. Nasa yana da ɗan kwarmi a gefen wuya inda iska ke fita, don haka mai yake sauka sumul ba ya tari. Mutumin da ya tuna da iskar da ke cikin kwalba, na ce a raina, ba zai rasa dabarar da zai yi wa Atine ba.

Ya'u bai zo da ma'auni ba. Zuwa ya riƙa yi yana zama a kan buhu, ya karɓi shayi ya bar shi ya huce, ya zuba wa hannuwan Atine ido. Yau ya zo, gobe ya zo, har ta gaji ta tambaye shi ko shayi ya kawo shi ko neman aure, don ta san irin sukarin da za ta zuba masa. Bai ko yi murmushi ba. Ya ce mata ta ci gaba da aikinta, ita ce ma'auninsa.

Ranar da ya kawo akwatin a amalanke, wallahi da farko na ji haushi. Baƙin akwati ne kawai irin na 'yan ci-rani, ba fenti ba ado, an ɗaura 'yar tabarma a kan murfin. Sai ya ce Atine ta ɗaga.

Jama'a, na ga aiki. Murfin ya kwanta ya zama tebur. Kwalaben sukari da citta da kirfa da na'ana'a kowace tana cikin raminta, kuma an jera su ne yadda hannun Atine ke bi, sukari a kusa, kanumfarin da ba a cika nema ba can ƙarshe. Kofuna suna kife a kan 'yan turaku, ko an girgiza ba sa taɓa juna. Murhu yana cikin durowa a ƙasa, an shafe ta da yumɓu an zuba yashi, buta kuma tana da zoben da ke riƙe ta. Ya'u ya lura Atine ba ta son sunkuyawa, komai na ƙasa da diddige take turawa. To, in ta tura durowar da diddige, murfin da kansa yake saukowa ya rufe. Kujeru kuwa ya ce a manta da su, ga buhunanmu nan, ba wanda zai kama buhu da laifin zama. Na buɗe na rufe, na buɗe na rufe, har Atine ta doke mini hannu. Daɗi ya cika ni kamar ni aka yi wa.

Wuri ɗaya suka yi gardama. Ya'u yana so durowar ta rufe ruf, wuta ta mutu nan take. Atine ta ce mai shayin da wutarta ta mutu ta yi asarar safiyarta, kafin ta hura wata masu sha sun watse. Da ƙyar ya yarda ya yi 'yar huda a gaba daga ƙasa don garwashi ya riƙa numfashi. Yana hudawa yana ƙunƙuni.

Abin da duk cikinmu ba wanda ya tuna shi ne turare. Kowace mai shayi a garin nan takan jefa ɗan itacen ƙamshi a wuta lokaci lokaci, shi ke kiran masu wucewa. Hannu ne ke yi, ba a ma sanin an yi.

Wani hantsi kasuwa ta cika, riɗi yana ta shigowa, Atine ta jefa turarenta ke nan sai aka yi ihun kasha daga bakin titi. Mata suka watse, butoci suna faɗuwa. Atine ta sa diddige. Ƙaras ɗaya na ji, shago ya ɓace. Ta haye kan akwatin, ta baza tobinta, wato babban mayafin nan, har ƙasa, ta zaro carbi. Masu shan shayi kowa ya san yadda ya yi da kofinsa. Nawa na cusa shi cikin buhun riɗi, Allah ya yafe mini.

Motar ta tsaya, wani saurayi cikin kaki ya nufo mu. Ya dubi gindin bishiya, ba murhu, ba buta, sai wata dattijuwa tana lazimi da wasu dattawa a kan buhuna suna kallon sama. Har ya juya zai tafi. A daidai lokacin hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin tobin Atine, siriri, fari, mai ƙamshi, yana hawa a hankali ta gaban gwiwoyinta.

Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Na ga Fashaga, na ga Ummuhani da lauje a hannu. Saurayin ya dawo ya tsaya a kanta, ya nuna hayaƙin da ɗan yatsa, sai na ga hannunsa baƙi ƙirin da lalle. Ango ne, ko wata bai yi ba, don a nan ango ma akan sa masa lalle.

Atine ma ta gani. Ta ɗago kai a hankali ta ce, "Ya waladi, ɗana, gwiwa ce ta matsa mini, hayaƙi nake sha. Ko in tashi ka duba?"

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane nauyin maganar ba. Abin da matanmu ke kira turaren tsuguno, a nan babban al'amari ne: mace takan zauna a kan hayaƙi ta lulluɓe, amare don gyara, tsofaffi don ciwon gaɓoɓi. Namiji ba ya kallo, ba ya ma ambatonsa a gaban mutane. Ga kuma dattawa sun sauko da idanunsu daga sama sun zuba masa, suna jira su ga ɗan wane ne zai ce wa sa'ar uwarsa ta ɗaga mayafi. Yaron ya dubi hayaƙin, ya dubi lallen hannunsa, sai ya ɓoye hannun a bayansa.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Hajja. Allah ya ba da lafiya," ya ce, idonsa a ƙasa.

Daga cikin mota aka tambaye shi me ya samu. Ya ce ba komai, uwar wani ce.

Atine ba ta motsa ba sai da motar ta sha kwana. Sannan ta yi wani tsalle da ban san gwiwoyin nan suna da shi ba, tana fifita bayanta da gefen tobi, don yumɓun Ya'u ma yana da iyaka. Ta ɗaga murfi. Ko kofi ɗaya bai fashe ba, sukari bai zube ba, buta tana ta tafasa abinta. Wurin ya kaure da dariya. Ni dai na tsuguna na rungume akwatin, zafinsa bai dame ni ba, ina ta sa wa Ya'u albarka shi da wanda ya koya masa.

Shi kuwa Ya'u da labari ya kai masa, ransa ne ya ɓaci. Ya taho da dalma da ƙarfen liƙi, yana cewa dama ya faɗa, akwatin da ke tona asirin mai shi ba akwati ba ne, a bari ya toshe hudar. Atine ta zauna daram a kai ta ce in ya taɓa hudar nan, shayinta ya haramta gare shi har abada. Sai dai in zai ƙara yumɓu a sama, wannan kam tana so. Ya tsaya yana kallon hudar, can ya ce da ya sani da ya yi mata baki mai kyau.

Da yankan riɗi ya kankama, motar Nasir ta tsaya a gaban rumfarmu da sassafe, cike da leburori da ƙullin kayansu. Suka sauko shan shayi kafin su ɗauki hanya. Ummuhani ta biyo ta wurin cikin kayan makarantarsu masu zanen kakin soja, ta ajiye wa uwarta ƙullin na'ana'a ta wuce da sauri don kada ta makara. Nasir ya bi ta da kallo, sannan ya ce wa Atine wurin da ya ajiye musu yana nan, in har yanzu suna so.

Atine ta miƙa masa kofinsa, ta dafa murfin akwatin.

"Ba wa wani, ya Nasir," ta ce. "Ni na samu wurin zama."