Ɓangaren Dama

Allurar lambar yabon ta ƙi shiga rigar sanyin, sai ma ta soki Glenys a babban yatsa. Ta tsotse jinin, ta sake gwadawa a ƙirjin mahaifiyarta, ɓangaren hagu.

"Ke baiwar Allah, me kike laluba a jikina?" in ji tsohuwa Enid. "Da a ƙarƙashina kike aiki, da wannan rawar hannun tuni na kore ki."

"Mama, ni ce fa, Glenys."

"To, sannu."

Irin sannun da ake yi wa mai kawo wasiƙa. Shekara biyu ke nan Enid ba ta gane 'yarta ba. Glenys kuwa, mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, sai ta hau bas biyu kafin ta iso gidan tsofaffin nan. Likita ya ce da wuya Enid ta ga ƙarshen sanyin bana, shi ya sa Glenys ta tono lambar daga gwangwanin biskit. An ba Enid ita ne saboda jinyar waɗanda bama-bamai suka jikkata lokacin yaƙi. Yau ranar tunawa da mamatan yaƙi ce. Ko minti ɗaya ne, Glenys take cewa a ranta, ta tuna kanta, wataƙila ta tuna da ni.

Enid ta ɗaga lambar ta ƙura mata ido.

"Ta wace ce?"

"Taki ce, Mama. Ga sunanki a baya, Enid Thwaite. Kwana uku kika yi a tsaye a ƙarƙashin asibiti, babu ko wuta."

"Kai, wannan mata ta yi ƙoƙari." Sai ta ɗaure fuska. "Amma ba a koya miki komai ba ne? Lambar da mutum ya samu da guminsa ita ake sawa a hagu. Ta wani, a dama. So kike a ce na yi sata a gaban mutane?"

Ƙa'idar tana nan daram a ƙwaƙwalwar Enid. Tausayin kai ya kama Glenys, har da haushi. Daga falo an fara kiran a hallara, ƙarfe sha ɗaya, lokacin taron tunawar, ta kusa.

Glenys ta cire lambar, ta maƙala a dama.

Enid ta shafa ta a hankali. "Ita matar, tana da 'ya'ya?"

"Ɗaya."

"To, in kin gan ta, ki ce ta riƙa leƙo uwarta."