Ƙifta Ido, Baba

Sharaɗi biyu hukuma ta gindaya wa masu ƙaramin jari irin Bang Yeong-ran kafin su taɓa asusun baibai, wanda duk ranar da kasuwar hannun jari ta faɗi yake tashi ninki biyun faɗuwar da ta yi: mutum ya zauna darasin awa guda, kuma a ga won miliyan goma, kuɗin Koriya, kwance a asusunsa. Darasi kam ta yi shi tun bara, tana tsaye tana soya wainar wake a rumfarta ta kasuwar Daegu. Miliyan goman ce ta narke. Sau uku tana rantsuwa kasuwar jarin za ta faɗi, sau uku kasuwar na tashi kamar da gayya, har wayar ta daina buɗe mata ƙofa.

Amma asusun mahaifinta akwai miliyan goma sha huɗu. Kuɗin jinyarsa ne a asibitin tsofaffi, kuma daga su babu wasu.

Da azahar ta je. Ɗakin gado shida ne, kullum shiru, sai warin magani da na kunun shinkafa. Mahaifin nata, Tsoho Bang Deok-chil, na kwance bakin taga. Shekara biyu ke nan da shanyewar jiki ta ɗauke masa magana da hannuwa, ta bar masa idanu kawai.

Ta jingina wayarsa a kofin ruwa, ta kunna darasin da sunansa. Muryar wata mace ta cika ɗakin, a sanyaye, tana cewa wannan asusu na iya cinye dukiyar mutum cikin 'yan kwanaki. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka juyo da kai, har wanda ake cewa ba ya ji.

"'Yar Bang," in ji Tsoho Gil na gadon kusa, wanda bakinsa ne kaɗai bai mutu ba, "makaranta kika sa shi yana da shekara tamanin da uku?"

"Labarai ne, Kawu."

"Labaran da ke tsayawa su tambaye ka ko ka gane? To ni dai na gane. Shi ma ya gane."

Haushi ya kama ta, da kunya a ƙarƙashinsa, amma ta danne. Ai mayarwa za ta yi, har da ƙari.

Awa ta cika. Saura abu guda: mai asusu ya kalli waya ya ƙifta ido, don a tabbatar shi ne, kuma da ransa. Ta ɗaga wayar saitin fuskarsa.

"Baba, ƙifta ido."

Bai kalli wayar ba, ita yake kallo. Ƙwayar idon ta tsaya cak. Wayar ta ƙirga, ta ce ba a yi nasara ba.

"Haba Baba, sau ɗaya fa. Kullum kana yi."

Karo na biyu ma haka. Idanun suka yi ja, ruwa ya taru ya gangaro ta gefen kunnensa, amma fatar idon ko motsi. Wayar ta rubuta cewa in aka sake kuskurewa za a rufe asusun, sai mai shi ya zo ofis da ƙafarsa.

Sai ta sunkuya, kamar yadda yake sunkuyo mata tana yarinya in ƙasa ta faɗa mata a ido, ta hura masa iska.

Ya ƙifta. Wayar ta yi ƙara, ta yi masa barka da zuwa. Nan take ta zuba kuɗin duka a asusun baibai.

Kwana tara bayan nan kasuwar hannun jari ta rufta. Maƙwabtanta a rumfa suna ta salati irin nasu, mai sayar da kifi har da kuka, ita kuwa sha huɗu ta zama sha bakwai da ɗoriya. Ta sayar, ta mayar da komai asusunsa, ta sayi kunun kabewa mai zafi ta nufi asibiti tana murna.

Ta tarar idonsa a rufe.

"Ikon Allah," in ji Madam Seok mai kula da ɗakin. "Yanzun nan fa yake kallon tsuntsaye a taga."

Washegari ma barci. Jibi ma haka. Rana ta huɗu ta cire takalmi tun daga bakin matakala, ta taho da safa, ta leƙa ta gilashin ƙofa. Ga shi nan ido buɗe tar, yana kallon rufi. Tana taɓa hannun ƙofa idanun suka rufe.

Ta zauna gefensa. "Baba, kuɗinka sun dawo. Har sun ƙaru. Ka duba mana ka gani."

Numfashinsa ba na mai barci ba ne. Ta kira shi sau biyu. Daga nan ta sa babban yatsa a kan fatar idonsa don ta ɗaga ta kaɗan. Mutumin da shekara biyu bai iya ɗaga cokali ba, ta ji yana matse ta da duk ƙarfin da ya rage masa.